Babura Uku a Bakin Kura

Aikina allurar shanu, daga Dass zuwa bayan Mbula,
Rabi kwalta, rabi dutse da rafi,
Inda ƙafa ma sai ta roƙi hanya.

Shekara biyu ina tari a gwangwanin madara,
Ladidi na gani, ba ta taɓa ba, ba ta tanka ba.
Ran Asabar na cusa kuɗin a safa,
Na kira Jatau bakanike, muka hau motar Bauchi,
Shi da sukudireba ɗaya a aljihun baya.

A Bakin Kura ga su nan.
Ja ne na farko, dogo kamar ingarma,
Tayarsa duk haƙora, shokinsa kamu guda,
Cikinsa ya yi nesa da ƙasa, dutse sai dai kallo.
Na hau, ƙafata na lilo, babban yatsa na laluben ƙasa,
Yaran shago suka juya baya suna dariya.

Mai shago ya ce, "Ai sabo ake yi, Malam,
Wannan ko Mbula ya gani hawa zai yi."
Jatau ya ce, "In sarƙarsa ta tsinke a Lukshi fa?
Legas za ka aika, ka zauna mako uku,
Kai da shanun kuna jiran sifiya."

Fari ne na biyu, gajere, kujera kamar katifa,
Lita guda ta kai ka gida har da saura.
Raina ya biya. Sai na tuna bara da damina,
Irinsa na aro ya zauna a lakar Baraza,
Ni na ɗauke shi, ba shi ya ɗauke ni ba,
Ƙanƙarar akwati ta narke, allura ta lalace,
Muka koma gida mu uku, ni da shi da kunya.

Na uku na can gefe, na hannu ne, ko wanka ba a yi masa ba,
Tanki a lotse, madubi ɗaya,
Launinsa tsakanin shuɗi da mantuwa,
Tayarsa ba ta gari zalla ba, ba ta daji zalla ba.
Jatau ya taka kiki, bugu ɗaya ya amsa,
Ya kafa sukudireba a jikin inji, ya sa kunne a ƙota,
Ya lumshe ido kamar mai sauraron guga a rijiya.

Sannan ya yi abin da ya sa mai shago salati,
Ya shimfiɗa buhu, ya kwantar da su bi da bi,
Ya ce da ni, "Tayar."
Ja ya ƙi, sai da yara biyu suka kama,
Fari ya tashi, bayana ya ce ƙas,
Tsohon nan ya miƙe kamar ɗan akuya.

"Ka gani? Daji ba ya tambayar gudu.
Faɗuwa dole ce, in ba yau ba jibi,
Kuma ba mai ganinka sai ƙadangare.
Sayi wanda za ka iya tayarwa kai ɗaya."

Muka ja ciniki har aka kira la'asar.
Abin da ya rage a safa: sabon fulogi, hular kwano,
Da turmin atamfa, ladan mai ajiya.

A kwalta kowa na wuce ni, har motar itace,
In ya kai saba'in madubin ya soma rawa.
Amma inda kwalta ta ƙare, nan yake gyara murya.

Jiya na faɗi a gangaren Wandi, gwiwa ta goge.
Na duba hagu, na duba dama,
Ƙadangare na kan dutse yana gyaɗa kai.
Na tashe shi, na kaɗe wando, na taka kiki.
Na isa rugar Arɗo Jauro Bappa ƙanƙara ba ta narke ba,
Ya ce, "Yau ka riga rana," ya miƙo min igiya,
Muka nufi saniya.